Ruwan da ya fi kwanciya shi ya fi ja: zuwa bakin tekun da babu mai ceto

Duk ƙaramar Sallah da babba, da kuma ƙarshen Disamba, samarin Agege da Mile 12 da Idi-Araba da Alaba Rago a Legas kan haɗa kuɗi su nufi bakin teku. A da Bar Beach ake zuwa, kafin a cike wurin da yashi a ɗora sabuwar unguwar Eko Atlantic a kansa. Yanzu wuraren da ke kusa da gari, irin na Lekki, yawanci sai an biya kuɗin shiga, ga cunkoso ga kiɗa kamar zai fasa kunne. Shi ya sa masu son sarari suka koma tsallaka ruwa zuwa Tarkwa Bay, ko Lighthouse da ke bayanta, ko su yi yamma ta hanyar ruwan Badagry zuwa Ibeshe da Ilashe. Waɗannan wurare mota ba ta zuwa, sai jirgin ruwa. Abin da ya ba su kyau ke nan, kuma shi ne ke mayar da ƙaramin tsautsayi babba.

A bakin tekun da ke da tsari, akwai ma'aikacin ceto zaune a kan hasumiya, akwai tutoci ja da ruwan ɗorawa da ke nuna inda aka yarda a shiga, akwai titin da motar asibiti za ta bi. Inda babu waɗannan, aikinsu duka ya dawo kan wanda ya je. Mutumin da ya nutse, ƙwaƙwalwarsa na fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6 idan babu iska. Babu jirgin da zai taso daga Marina, a tsakiyar Legas, ya iso Ilashe cikin wannan lokaci. Kiran lambar gaggawa ta 112 ko 767 yana da amfani, idan akwai sabis, amma abin da zai yanke hukunci shi ne abin da mutanen da ke tsaye a kan yashin suka sani kafin abin ya faru.

Idan aka ce teku, abin da ke fara zuwa zuciyar mutane shi ne kifin shak. A duk faɗin duniya, waɗanda shak ke kashewa a shekara ba su cika wuce mutum 5 zuwa 10 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ƙiyasta cewa nutsewa a ruwa ta kashe kimanin mutum 300,000 a shekarar 2021 kaɗai, idan aka haɗa na koguna da tafkuna da rijiyoyi da teku. Ruwan kansa shi ne abin tsoro, kuma a bakin teku yana da wata dabara guda da ta fi kowace cin mutane.

Ruwa mai komawa

Tekun da ke gaban Legas da Kwatano da Lome da Ankara ba ta da wani tsibiri ko tudun murjani da zai tare mata igiyar ruwa. Guguwar da ake yi can kudancin Atlantika, dubban kilomitoci daga nan, ita ke turo manyan igiyoyi, su yi ta tafiya kwana da kwanaki har su zo su fashe a gaɓarmu. Don haka za ka ga rana tarwai, babu iska babu hadari, amma teku na ta tumbatsa. Abin ya fi tsanani da damina, daga wajen Mayu zuwa Oktoba. Da hunturu takan lafa, amma lafawar ba ta zama tabbas ba.

Kowace igiya da ta fashe tana zubo ruwa a gaɓa, kuma dole ruwan nan ya koma. A ƙarƙashin ruwa, kaɗan daga gaɓa, akwai tudun yashi da ke kwance a tsawon bakin tekun. Igiya na tsallake shi ta shigo, amma ruwan da ya taru a bayansa ba ya iya komawa ta kansa cikin sauƙi, sai ya bi gefe yana neman inda tudun ya yanke. Kamar dai tsakar gida ce bayan ruwan sama mai ƙarfi: ruwan ko'ina yana kwance, amma a bakin rariya gudu yake. Inda tudun ya yanke, nan ruwan da ya taru ke kwararowa ya nufi tsakiyar teku a siririyar hanya, wadda sau da yawa faɗinta bai wuce mita 10 zuwa 30 ba.

Gudun wannan kwararo yakan kai rabin mita a daƙiƙa, kuma an auna wanda ya kai mita 2 da rabi. Zakaran iyo na duniya yana cin mita 50 cikin kimanin daƙiƙa 21, wato ko shi da ƙyar zai yi kunnen doki da mafi ƙarfinsa, kuma shi ma na ɗan lokaci kaɗan. Ƙungiyar masu ceto ta Amurka ta ce fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen da ma'aikatanta ke tsamowa a bakin teku mai igiya, wannan ruwan ne ya ja su, kuma yana kashe kimanin mutum 100 a shekara a ƙasar da take da masu ceto birjik.

Ga inda yaudarar take. Tunda wurin kwararon ya fi zurfi, igiya ba ta fashewa a kansa. Hagu farin kumfa, dama farin kumfa, tsakiya kuwa wani fili mai duhu-duhu, kwance luf. Baƙon da ya zo da iyalinsa zai dubi ɓangaren da ke ruri ya ce a'a, sannan ya nuna wa yara wurin da ya kwanta ya ce ku shiga nan. Ya zaɓar musu wuri mafi haɗari a duk bakin tekun, kuma da kyakkyawar niyya ya yi.

Ana iya gane shi, amma sai an yi haƙuri. Kafin kowa ya cire takalmi, a hau wuri mai ɗan tudu a zuba wa ruwan ido na minti 10 ko fiye, don manyan igiyoyi a jere suke zuwa, sai su yi shiru na wani lokaci, kuma kwararon ya fi ƙarfi bayan jerin ya wuce. A duba inda layin farin kumfa ya yanke. A duba inda launin ruwa ya bambanta, ko ya fi duhu ko ya yi gurɓi da yashi. A duba kumfa da ledoji da ɓawon kwakwa, ina suka nufa. Idan suna tafiya ciki maimakon su dawo gaɓa, to ga amsa nan. Sai dai wurinsa na sauyawa. Inda aka yi wanka lafiya bara, ko ma makon jiya, ba hujja ba ce.

Wanda ya faɗa ciki, abu na farko da ya kamata ya sani shi ne ruwan ba ya jan mutum ƙasa. Waje yake ja, kuma ƙarfinsa na mutuwa da zarar ya wuce inda igiyoyi ke fashewa. Abin da ke kashewa shi ne firgici da gajiya: mutum ya ga gaɓa na nisa, ya juyo ya yi ta dukan ruwa kai tsaye da iya ƙarfinsa, cikin minti 2 ko 3 hannuwa su mutu, ya fara shan ruwa. Abin yi shi ne ya kwanta rigingine, ya buɗe hannuwa da ƙafafu, ya bar ruwan ya ɗauke shi yana numfashi. Ruwan gishiri ya fi na rafi ɗaga jiki, don haka wannan ya fi sauƙi a teku. Ya ɗaga hannu ɗaya don a gan shi. Idan ya iya iyo kuma da sauran ƙarfi, sai ya yi gefe, daidai da tsawon gaɓa, har ya fita daga kwararon ya shiga inda igiya ke fashewa, ita za ta taimaka wajen turo shi.

A ganina, wanda ya fi shiga haɗari a cikin ayari ba wanda bai iya ruwa ba ne, don shi tsoro na tsare shi a iya idon sawu. Wanda ya koyi iyo a kududdufin unguwa ko a Tiga ko a gulbin garinsu, shi ne abin ji. Ya iya ruwa da gaske, amma ruwan da ya sani ko dai a tsaye yake ko kuma gefe ɗaya yake gudu, kuma ana ganin gudun da ido. Ƙwarewarsa za ta kai shi inda ƙafa ba ta taɓa ƙasa, sannan ta ce masa ya yi kokawa da ruwan.

Na biyu a jerin masu haɗari shi ne wanda ya faɗa ruwa don ceton wani. Sau da yawa labarin nutsewa a bakin teku na mutum biyu ne ko uku: ƙane ya tafi, wa ya bi shi, aboki ya bi wan. Wanda ke nutsewa ba ya cikin hayyacinsa, duk abin da hannunsa ya kama sai ya danne shi ƙasa don ya ɗago kansa. Ba a shiga ceto hannu rabbana. A jefa masa abin da ke yawo a kan ruwa: jarka da murfinta a rufe, kular abinci, ƙwallo, rigar kariya. Jarka mai cin lita 20 da doguwar igiya ɗaure a hannunta ta fi ƙarfin saurayi biyar amfani, kuma ba ta da nauyin ɗauka a jirgi. Sannan a daina jiran ihu. Mai nutsewa da gaske ba ya iya kira, bakinsa na fitowa yana komawa, kansa a karkace baya, hannuwansa na danna ruwa a gefe. Daƙiƙa 20 zuwa 60 ne, shiru, a gaban mutanen da ke ɗaukar hoto. Saboda haka a ware mutum guda wanda aikinsa kallon masu wanka ne kawai, babu waya a hannunsa, a riƙa karɓarsa.

Ko a gaɓa ma

Ba sai an shiga zurfi ba. Yawancin gaɓar wannan yanki a gangare take, kuma igiya kan tashi ta fashe a kan yashin kai tsaye. Tsaya ruwa iya gwiwa ka ji: idan igiyar ta juya, yashin da ke ƙarƙashin diddigenka zai fara zarewa, ƙafarka na nutsewa, kafin ka gyara tsayuwa wata ta iso ta doke ka a ƙirji. Babba ma takan kayar da shi, balle yaro. Ƙaramin yaro a bakin ruwa, kada ya wuce inda hannun babba zai kai. Kuma ba a juya wa teku baya, wanda shi ne daidai abin da mai ɗaukar hoton kansa ke yi.

Akwai maganar tufafi, wadda ta shafe mu fiye da wasu. Doguwar riga da zane da hijabi mai faɗi idan suka jiƙe, nauyi suke yi, su nannaɗe ƙafa, kuma igiya ta samu abin kamawa. Hijabin da ya jiƙe yana iya manne wa fuska. Babu wanda ya ce a bar sutura. Wando da riga marasa nauyi da ɗankwalin da aka ɗaure tamau suna rufe jiki ba tare da sun zama tarko ba. Wadda kuma ta zo da cikakkiyar shigarta, ta tsaya inda kumfa ke ƙarewa. Mai farfaɗiya kada ya shiga sai da wani a gefensa, wanda ya sha abin maye kuwa, ko giya ko ƙwaya, ba shi da abin yi a cikin ruwa ko kaɗan.

Tarkwa Bay ta samu lafiyar ruwanta ne daga katangun duwatsun da Turawan mulkin mallaka suka fara ginawa wajen 1908 don kare mashigar tashar jiragen Legas. Katangun sun tare yashin da ruwa ke kwasowa daga yamma zuwa gabas, ya taru a ɓangaren Lighthouse, Bar Beach kuma ta yi ta zaizayewa shekara da shekaru. Tarkwa na cikin lungun da duwatsun suka kare, shi ya sa igiyarta ke da sauƙi. Tafiyar 'yan mintoci a ƙafa zuwa Lighthouse, ka fito fili, teku ce tsagwaronta. Mutane kan ɗauka ruwa ɗaya ne tunda yashi ɗaya suka taka. Jikin duwatsun ma ba wurin wanka ba ne: ruwa mai komawa na son bin gefen katanga, duwatsun na da santsi da kaifin ɓawon kawa, kuma bayansu hanyar manyan jiragen dakon kaya ce.

Sai cika da janyewar teku. Sau biyu take cika, sau biyu take janyewa a cikin kimanin awa 24 da minti 50, kuma wata ne ke jan ragamar abin. Wanda ke bin lissafin watan Musulunci ya riga ya samu jadawali kyauta: cikar ta fi yawa, janyewar ma ta fi nisa, a farkon wata da kuma daren 14 zuwa 16. Ƙaramar Sallah ke nan kullum tana faɗowa a lokacin babbar cika. A Legas bambancin bai fi kimanin mita 1 ba, amma ya isa ya cinye wurin da aka shimfiɗa tabarma, kuma ruwa mai komawa ya fi ƙarfi lokacin da teku ke janyewa. A gabashin Zanzibar kuwa, wajen Paje da Jambiani, bambancin kan kusa mita 4. Teku kan ja baya ɗaruruwan mitoci, baƙi su bi ta suna tsintar kwanson dodon koɗi, idan ta juyo sai ta fara cike kwaruruwan da ke bayansu kafin su lura.

Kwana a bakin ruwa kuma wani abu ne daban. A Agustan 2012 teku ta yi toroƙo cikin dare ta share rumfunan Kuramo a Legas, jaridu suka ruwaito ɓacewar mutum 16. Mai kafa tanti ya nemi layin tarkacen da ruwa ya bari mafi nisa a kan yashi, ya wuce shi sosai. Idan kuma aka ga teku ta janye farat ɗaya fiye da ƙima har ƙasanta ya bayyana, ba a tsayawa kallo, tudu ake nema. Haka ta yi a gaɓar Tailan ranar 26 ga Disamban 2004, kafin igiyar tsunami da ta kashe kusan mutum 230,000 a ƙasashen da ke kewaye da tekun Indiya. Wannan ba kasafai yake barazana ga gaɓar Afirka ta Yamma ba, amma masu zuwa Indunusiya da Malesiya karatu ko kasuwanci su riƙe shi.

Duk wannan bayani, masuntan wurin sun san shi ba tare da sun karanta ko'ina ba. Egun da Ilaje a Legas, Fante da Ewe a Gana, kullum ta cikin igiyar nan suke tura kwale-kwalensu. Gaisuwa da tambaya ɗaya, ina ne ba a shiga yau, ta fi duk wani abin da waya za ta nuna. Matambayi ba ya ɓata.

Halittun ruwa ba sa buƙatar dogon zance. Kunamar ruwa, wani faffaɗan kifi mai ƙayar dafi a wutsiya, na kwanciya cikin yashi a ruwa mara zurfi, mai jan ƙafa a ƙasa yana korar ta, mai ɗaga ƙafa yana taka ta. Bushiyar teku na maƙale a duwatsu, takalmin roba ya wadatar. Akwai wata halitta mai kama da shuɗiyar leda da aka hura, da dogayen zaruruwa, wadda ruwa ke jefowa gaɓa. Ko ta mutu zaren na harbi, kuma yara na son ɗauka. Idan ta taɓa mutum, a wanke da ruwan teku, kada a sa ruwan sha, kada a murza, a cire zaren da wani abu ba da yatsa ba. Fitsari ba magani ba ne. Harbin kunamar ruwa da na irin waɗannan, ruwa mai zafin da fata za ta iya jurewa, kimanin digiri 45, na tsawon minti 20 ko fiye, shi ke kwantar da zogi. Idan numfashi ya fara wuya ko fuska ta kumbura, a kama hanyar asibiti nan take.

Rana kuwa, ɗan Sakkwato zai ce me zafin Legas zai yi masa. Bambancin shi ne iskar teku na ɓoye zafin, laima kuma na hana gumi bushewa, sai jiki ya yi ta zubar da ruwa ba tare da ya huce ba. A tafi da ruwan sha fiye da yadda ake zato, aƙalla lita 3 ga kowane babba, don a can ko babu na sayarwa ko kuma tsadarsa ta ninka. Mai jiri da ciwon kai a kai shi inuwa a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Baƙar fata ma tana ƙuna. In an ji tsawa, kowa ya fito daga ruwa ya bar fili, don a kan shimfiɗaɗɗen yashi mutum ne abu mafi tsawo.

Idan an tsamo wanda ya nutse, a bar al'adar danna ciki ko juya shi kai ƙasa wai don ruwa ya fita. Wannan ɓata lokaci ne, kuma yana jawo amai ya toshe maƙogwaro. Iska yake buƙata. Idan ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a ɗaga haɓarsa, a toshe hanci a hura masa iska baki da baki sau 5, sannan a danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi sau 30, a hura sau 2, a ci gaba a haka ba tsayawa. Idan yana numfashi, a kwantar da shi a gefe. Ko ya farfaɗo ya ce garau yake, muddin ya shaƙi ruwa yana tari, sai likita ya duba shi a ranar, don huhu kan iya rikicewa bayan 'yan awoyi.

Jirgin komawa

Mafi yawan shiri kan ƙare a kan tafiya, a manta da dawowa. Hukumomin kula da hanyoyin ruwa, LASWA ta jihar Legas da NIWA ta tarayya, duk sun wajabta sa rigar kariya, sun kuma hana ƙananan jirage tafiyar dare. Rigar da aka rataya a wuya ba a ɗaure ba, ko wadda soson cikinta ya mutu, ko ta babba a jikin yaro, sunanta kawai riga. A ja ta sama ta kafaɗa, idan ta wuce kunne to za ta zame a ruwa. Jirgin da aka cika har ruwa na kusa da bakinsa, a bar shi ya tafi, ko da mai jirgin ya rantse.

Ranar 8 ga Yulin 2022, jajiberin Babbar Sallah, wani jirgi ya tashi daga Mile 2 zuwa Ibeshe bayan duhu ya fara. Ruwa ya ja shi ƙarƙashin wani babban jirgin dakon kaya da ke tsaye, mutum fiye da 15 suka rasu, ciki har da yara. A Legas rana na faɗuwa tsakanin wajen 6 da rabi zuwa 7 da 'yan mintoci duk shekara, kuma daga faɗuwarta zuwa duhu bai fi minti 20 da wani abu ba. Wanda ya ce bari a yi Magariba a bakin teku sannan a tashi, tafiyar dare ya shirya.

Don haka a tsayar da lokacin tashi tun daga gida, ƙarfe 4 ko 4 da rabi. A karɓi lambar mai jirgin da ta wani na biyu, a biya rabin kuɗi a riƙe rabi sai an dawo. A bar wa wani a gari sunan wurin, da tashar da aka hau, da yawan mutane, da lokacin da idan bai ji kira ba zai fara nema. Waya guda a kashe ta a ɗaure cikin leda don ta kai yamma da caji, a kuma riƙe kuɗi a hannu, tunda tura kuɗi ta waya sai da sabis. A ƙirga mutane kafin a hau jirgi da safe, a sake ƙirgawa kafin ya tashi da yamma.